Kafin a Ce Magani Ya Daina Aiki

Shekara biyu cur ta yi tana shiga ɗakin taro ba tare da ta fara tambayar inda banɗaki yake ba. Duk wanda ya san cutar Crohn ya san girman wannan ni'ima. Akanta ce, haifaffiyar Kano, tana aiki a birnin Manchester na Ingila, kuma kafin a gano abin da ke damunta ta sha maganin basir da na atini har ta gaji. Crohn ɗaya ce daga cikin manyan cututtukan kumburin hanji guda biyu, ɗayar kuma ita ce mai haddasa gyambo a babban hanji. A duka biyun, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa hanjin mai ita, sai zawo da murɗar ciki da rama su biyo baya.

Abin da ya dawo mata da lafiya shi ne infliximab, maganin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don Crohn a 1998. Furotin ne da ake samarwa daga rayayyun ƙwayoyin halitta, aikinsa ya kama wani sinadari mai suna TNF, wanda ke rura wutar kumburi, ya hana shi motsi. Bayan an tabbatar ba ta ɗauke da ɓoyayyen tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da su, aka fara ɗura mata shi ta jijiya: miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinta, a ranar farko, da mako na 2, da na 6, daga nan sai duk bayan mako 8.

A shekara ta uku ta lura da wani abu. Makonni biyar na farko bayan ƙarin ruwa lafiya lau take, amma da an shiga na shida sai ciki ya fara juyawa, gajiya ta rufe ta. Da ta faɗa wa mahaifiyarta a waya, amsar ba ta ɗauki lokaci ba: "'Yar nan, jikinki ya saba da shi. Ki ce musu su canja miki wani." Ta ce, "To, Umma," ita ma kuma a ranta hukuncin da ta yanke ke nan.

Likitarta ba ta yi gaggawa ba. Magungunan wannan aji ƙidayayyu ne, kuma wanda aka ajiye ba kasafai ake iya komawa gare shi cikin sauƙi ba. Wanda ya yi saurin ƙarar da su yana matsawa ne kusa da tiyatar yanke hanji. Sai ta sa aka gwada bahaya don tabbatar da cewa kumburi ne ya dawo, ba wata ƙwayar cuta ba, sannan aka ɗebi jini a safiyar ranar ƙarin ruwa, kafin a ɗaura allura. Lokacin yana da muhimmanci, domin a sa'ar ne maganin ke kaiwa mafi ƙarancinsa a jiki. Abu biyu ake nema: nawa ya rage, kuma shin jiki ya ƙera makaman yaƙar maganin?

Tambaya ta biyu ta samo asali ne daga yadda aka gina infliximab. Wani ɓangarensa daga furotin ɗin ɓera yake, don haka garkuwar wasu mutane kan ɗauke shi a matsayin baƙo, ta share shi daga jini. Ko babu wannan ma, jikkuna sun bambanta wajen riƙe magani. Hanjin da ya yi gyambo sosai kamar randa ce mai yoyo: maganin kan zurare ta bahaya. Ƙarancin furotin albumin a jini shi ma kan hanzarta ɓacewarsa. Mutum biyu masu nauyi ɗaya za su karɓi awo ɗaya, bayan mako 8 a tarar ɗaya yana da wadatacce, ɗayan kuwa ya kusa ƙarewa.

Sakamakon gwajin kan nuna hanya ɗaya cikin uku. Idan magani ya yi ƙasa kuma babu makaman yaƙarsa, sai a ƙara awo ko a rage tazara. Idan ya yi ƙasa kuma makaman sun yi yawa, ƙari asara ce. Sai a koma ga ɗan'uwansa, irin su adalimumab, sau da yawa tare da azathioprine don kwantar da garkuwa. Idan kuwa yana nan wadatacce amma kumburi bai lafa ba, to toshe TNF bai wadatar a jikin wannan mutum ba, sai a sauya aji gaba ɗaya zuwa vedolizumab ko ustekinumab. A 2017 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar a nemi aƙalla maikrogiram 5 a kowace mililita ga infliximab, da 7.5 ga adalimumab.

Inda masana ba su gama daidaitawa ba shi ne ko a riƙa aunawa a kai a kai tun mutum yana lafiya. Binciken TAXIT na birnin Leuven a Beljiyam, wanda aka wallafa a 2015, bai ga bambanci a yawan waɗanda cutarsu ta lafa bayan shekara ɗaya ba, ko da yake waɗanda ake aunawa sun fi ƙarancin tashin ciwo. Na Norway kuwa, NOR-DRUM B na 2021, wanda ya haɗa masu ciwon hanji da na gaɓoɓi da na fata, ya samu cewa kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake aunawa sun zauna lafiya tsawon shekara, a kan kashi 56 na sauran. Lambar ma kanta ja-gora ce kawai. Likita na haɗa ta da abin da na'urar leƙa hanji ta gani da abin da marar lafiya ke ji a jikinsa.

Nata sakamakon ya fito bayan kwanaki: bai kai 2 ba, kuma babu alamar jiki na yaƙar maganin. Ashe yana aiki, ƙarewa yake yi kafin lokaci. Aka mayar da tazarar mako 6. Da aka sake aunawa ya haura 6, zawon kuma ya ɗauke.

Ta kira gida da daddare ta yi bayani dalla-dalla. Mahaifiyar ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato da mun zubar da shi a banza ke nan." Ta ce, "Da mun zubar, Umma." A kalandar wayarta yanzu, kusa da kowace ranar ƙarin ruwa, akwai ɗan gajeren rubutu: a tuna a ɗebi jini tukuna.