Ranar da kunnena ya yi mini gargaɗi

Idan na tashi daga aikin dare a asibiti, babu abin da ke sauke mini gajiya kamar waƙoƙin Barmani Choge. A adaidaita sahu nake saurare, amma hayaniyar titi kan sa in ƙure ƙarar wayata.

Wata safiya na iso gida kunnena yana ta shuu, 'yata tana magana ina cewa, "Me kika ce?" Gabana ya faɗi, don na san ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa.

Shi ne na canja iyafis, na sayi mai roba a baki wanda ke toshe ƙofar kunne. Yawanci yakan zo da roba uku: ƙarama, matsakaiciya da babba. Ki gwada duka, wadda ta zauna daram ba zafi ita ce taki. Yanzu a rabin ƙara nake jin kiɗan ƙwaryar nan tangaram.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraren ƙarar desibel 80.

Sai dai 'yar'uwa, in jariri na barci ko za ki tsallaka titi, ki cire ɗaya.