Jika Ashirin

Akuya ɗaya ce dukiyar da wata tsohuwa ta bari a wani ƙauyen Dungas, magada kuwa biyu, ɗa da ɗiya. Aka kai akuyar kasuwa, ta yi jika ashirin na sefa. Ɗan, wanda ya yi boko a Magarya tun kafin a ware Dungas daga cikinta a 2011, ya rubuta 20,000 a takarda. Ƙanwarsa mai ƙuli-ƙuli ba haka take ƙirga ba. A bakinta kuɗin dala dubu huɗu ne, domin a Hausar Nijar da dala ake lissafi, kowace dala tamma biyar, dala 200 kuma jika guda.

Lambar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. A zamanin wuri, zambar ashirin ita ce keso guda, wato wuri 20,000 da ake ɗinkewa cikin tabarma. Ta kuwa cancanci matsayin, don lamba ce mai sauƙin kai. Cika ce, ba mara ba. In aka yi ta raba ta biyu, sai an yi sau biyar kafin ta ƙi, a tsaya a 625, wadda ita ma biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. In aka tara su duka ban da ita kanta, za a sami 29,203, abin da ya zarce ta. Shi ya sa take cikin jinsin da masana lissafi tun daga Girkawa ke kira lamba mai yalwa. Fatake biyu, ko takwas, ko 25, za su raba keso ba wanda ya ɗaga murya.

Sai dai duk yalwarta ba ta san uku ba, gado kuwa uku yake nema a nan: kashi biyu na namiji, ɗaya na mace. Ɗan ya buga lissafinsa a gaban malamin da aka kira, ya ce kowane kashi 6,666 ne, saura tamma biyu. Ƙanwar ta lanƙwasa yatsu, ta ce dala dubu da ɗari uku da talatin da uku, saura dala guda. Ya ce ta yi kuskure.

"Yaya, tamma biyun nan taka, wa ya taɓa ba ka canjinta a kasuwa?" in ji ta.

Ba wanda ya yi kuskure, amma ita ta fi shi kusa da gaskiya. Shi ya raba 20,000, lambar takarda; ita ta raba 4,000, lambar da hannu ke iya ƙirgawa, mai masu raba ta 24 kacal. Kuɗi ɗaya ne, harshen ƙirga ya sauya masa saura. Mai nazarin harshe da ya fassara "dala" da "tamma biyar" ya wuce, bai ga wannan ba.

Malam ya ƙirga wa ɗan dala 2,666, ya ba ɗiyar 1,333. Dala gudan ta rage a kan buzu, haƙƙin su biyu, ba ta kuma fasuwa. Aka yi shiru. Ƙanwar ta ce a yi wa Inna sadaka da ita, wan ya gyaɗa kai, malam ya kira wani almajiri da ke tsaye a ƙofar zaure.