Shimin da munka hardace, da ruwan Tibiri



Makon jiya, cikin shirin manoma na daren Talata, wani dattijo ya kira mu daga Jiratawa. Bayan gaisuwa ya ce: "Ɗana, ku da kunka yi lakkwal, ina da tambaya. Buhun takin da nake saye an rubuta 15-15-15 a jikinshi, wani buhun kuma an rubuta 46. Mai shago ya ce mini duk taki ne. Mine ne bambancinsu?"

Munka yi shiru. Shiru a radiyo kuwa, ko na daƙiƙa uku ne, ji kake kamar shekara. Munka ce: "Baba, a yi mana haƙuri, za mu tambayo masana." Munka saka waƙa. Amma kunya ta bi mu har gida, don mun yi shimi daga koleji har lise, mun zauna jarrabawar bak, mun ci. Ga shi an tambaye mu abin da ke rubuce jikin buhu, mun kasa.

Bari mu fara biyan Baba bashinshi, tunda washegari mun je wurin wani malamin gona ya warware mana. Lambobin nan uku suna faɗin abincin shuka iri uku ne: azot, fosfor da fotasiyom, wato N, P da K, kowane kashi 15 cikin 100. A buhu mai kilo 50, azot ɗin kilo 7 da rabi ne. Shi kuma mai 46, wato ure, azot ne kaɗai cikinshi, kashi 46 cikin 100, kilo 23 ke nan a buhu guda, ninki uku na wancan. Azot shi ke sa ganye, shi ya sa masu zogala ke son shi. Amma in an watsa ure bisa ƙasa cikin zafin rana ba a rufe shi ba, wani kaso yakan tashi iska, kuɗin manomi ya bi shi.

Da malamin ya gama, munka ga ashe duk mun san haruffan. N, P, K suna cikin jadawalin Mendeleyef na 1869 da munka hardace a lise. Lissafin kashi cikin ɗari ma mun iya. Abin da ba a taɓa yi mana ba shi ne a ɗora harafin bisa buhun.

Ga yadda munka koyi shimi, kuma da yawa cikinku za su tuna. Mushe ya shigo, ya cika tablo da alli, mu kwafe cikin kaye. Ya zana kwalba, ya ce in an zuba wannan cikin wannan ruwan zai koma ja. Mu rubuta "ja" da Faransanci, mu hardace, mu mayar mishi ranar jarrabawa. Akwai wani ɗaki da ake kira labo, kullum a kulle, tagoginshi sun yi ƙura. Ba mu ga laifin malaminmu ba. Mutum guda ne da aji cike maƙil, ba kayan aiki, ga manhaja da dole ya ƙare kafin bak. Shi ma wataƙila haka anka koya mishi.

Masu bincike kan koyar da shimi sun daɗe da gano wannan ciwo, kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Wani malami a jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, Alex Johnstone, ya bayyana tun 1982 cewa shimi murhu ne mai duwatsu uku. Na farko, abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa: launi, kumfa, wari. Na biyu, abin da ido ba ya gani: ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa suna rabuwa. Na uku, alamomin da ake rubutawa, kamar H2O. Gwani yana tsalle tsakanin ukun ba tare da ya lura ba, amma ɗalibi in an tura shi ga alamomi kaɗai, sai ya hardace bai gane ba. Mu dutse guda anka ba mu anka ce mu ɗora tukunya. Ga kuma nauyi na huɗu da yaron Gilasgo bai da shi: ana yi mana bayanin da harshen da ba da shi muke mafarki ba.

Wani zai ce, to mine ne? Ai ba kowa zai zama likita ko injiniya ba. Ga mai wannan magana, amsarmu kalma guda ce: Tibiri.

Mu 'yan Maradi ba mu bukatar a ba mu labari. A tsakiyar shekarun 1980 anka haƙa foraj mai zurfi a Tibirin Gobir, mutane sunka yi murna, an huta da guga. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci. Sannu a hankali haƙoran yara sunka fara yin ja, ƙafafu sunka lanƙwashe, wasu kawunansu sunka girma. Aka yi ta magana, wani ya ce iska ce, wani ya ce gado ne. Sai bayan shekaru anka tabbatar da cewa ruwan yana ɗauke da fuliyor fiye da kima, sinadarin da ke narkewa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita guda, na Tibiri ya ninka haka sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara sunka nakasa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta ɗauki maganar, har duniya ta ji. Yaran nan tsaranmu ne. Wasunsu muna gamuwa da su a kasuwa har yau.

Fuliyor, harafin F, yana cikin jadawalin nan namu, lamba ta 9. A shekarun da muke rera shi a aji kamar waƙa, 'yan kilomita kaɗan daga inda muke zaune, yana cikin ƙashin tsaranmu. Ba wanda ya taɓa haɗa mana biyun. Ba a gaya mana cewa kaɗan daga cikinshi yana kare haƙori, shi ya sa ake sa shi cikin man goge baki, amma in ya yi yawa yana ɓata haƙori da ƙashi. Ba a gaya mana cewa tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma bai fitar da fuliyor ba.

Ba muna cewa ɗan lise zai iya auna fuliyor a gida ba. Wannan aikin labo ne da ma'aikatan da anka ɗora wa alhaki. Abin da muke cewa shi ne, garin da ke da mutum ɗari da sunka san ruwa garau yana iya ɗauke da abin da ido bai gani, wannan garin zai tambayi takardar awon ruwa tun ranar da anka buɗe famfo. Amfanin shimi ke nan ga wanda ba zai zama masani ba: ya san tambayar da zai yi.

Haka zancen yake a Jiratawa. Matashin da ke fesa piya-piya bisa zogala da tumatir, ba takunkumi, ba safar hannu, yana auna magani da murfin kwalba, sau da yawa ya zauna aji har ya yi BEPC. An koya mishi lissafin yawan sinadari cikin ruwa. Ba a taɓa ce mishi lissafin nan shi ne na tankin da ke goye a bayanshi ba.

To mi za a yi, tunda kayan labo tsada gare su? Mun gwada wani abu ranar Lahadi a tsakar gida, tare da ƙannenmu. Munka jiƙa soborodo, munka raba ruwan cikin kofi uku. Na farko munka bar shi. Na biyu munka matsa lemun tsami, ya ƙara ja. Na uku munka zuba ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Yara sunka yi ihu. Munka ɗiga lemun tsami bisa garin kanwa, ya yi kumfa yana tsuwa. Wannan shi ne darasin asid da baz da munka kwashe makonni muna kwafewa, kumfar nan kuwa ita ce CO2. Duka kayan ba su kai dala hamsin ba. Inna tana kallonmu ta ce: "Wannan ne karatun? Ai kowace mace ta san kanwa na kashe tsami." Gaskiyarta. Ita tana da dutse na farko, mu muna da na uku, ba a taɓa haɗa mu murhu guda ba.

Majeman Maradi da ke gyara fatar jar akuya da bagaruwa, da matan da ke yin sabulu da ruwan toka, duk shimi suke yi. A Afirka ta Kudu, cibiyar RADMASTE ta jami'ar Wits ta ƙera ƙananan kayan gwaji tun shekarun 1990, ɗigo kaɗan ya isa darasi, kuma UNESCO ta taimaka anka kai su ƙasashe da dama. Ke nan rashin babban labo ba hujja ba ce ta ƙarshe.

Kuma kada mu manta sunan da ke bisa ƙofar jami'armu. Dan Dicko Dankoulodo ɗan Maradi ne da ya karanci shimi, ya riƙe ministan ilimi zamanin Diori Hamani, ya shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Garin da ya haifi irin wannan bai kamata 'ya'yanshi su riƙa gudun shimi kamar dodo ba. Muna roƙon malaman sashen kimiyya na jami'ar da ɗalibansu su riƙa leƙa kolejojin Tibiri da Jiratawa, ko sau guda a wata, da soborodo da kanwa a jaka.

Malamai, mun san nauyin da ke kanku, ba mu zo ƙara muku ba. Minti goma muke roƙo a farkon darasi: a nuna abin, a faɗi sunanshi da Hausa, sannan a hau tablo da Faransanci. Iyaye, in yaro ya dawo, ku miƙa mishi buhun taki ko kwalbar magani ku ce ya karanta muku. In ya kasa, kada ku zage shi, mu ma mun kasa. Ku ce ya kai wa mushe tambayar.

Baba na Jiratawa, in wani jikanka ya karanta maka wannan, ga amsarka, mun makara amma mun kawo. Talata mai zuwa muna neman malamin shimi guda da zai zauna da mu a situdiyo ya amsa tambayoyin manoma da Hausa. Wanda ya shirya ya aiko mana saƙo. Allah ya ba marasa lafiyarmu na Tibiri sauƙi, ya sa albarka a karatun yaranmu.