Hoto ɗaya, likita biyu, magana biyu

Yayana tela ne a Damagaram, kuma shekara 11 ke nan yana fama da ciwon sukari. Bara da kaka na lura ya fara miƙa wa yaron shagonsa allura ya zura masa zare, abin da bai taɓa yi ba. Da na yi masa magana sai ya ce tsufa ne. Ban yarda ba. Na dinga matsa masa har muka hau mota zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka ɗauki hoton bayan idonsa.

Ga wanda bai taɓa ganin irin hoton nan ba, faifai ne ja-ja, jijiyoyin jini sun bazu a kansa kamar saiwar itace. A kan wannan tantani hasken da ya shiga ido yake sauka, kuma shi ne sukari yake ci sannu a hankali. Ƙananan jijiyoyi su kumbura, su riƙa yoyon jini da ruwa, wasu su toshe. In toshewar ta yi yawa sai ido ya tsiro da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari, waɗanda kan fashe rana guda su cika ido da jini. Mutum na iya kaiwa nan bai taɓa jin ko ƙaiƙayi ba.

Likitan ya daɗe yana duban idon hagu. Daga baya ya ce wa yayana: "Alhaji, ciwon ya yi nisa, amma ban ga sababbin jijiyoyi ba tukuna. A riƙe sukari da hawan jini, ku dawo bayan wata uku." Muka yi godiya muka kamo hanya.

Babban ɗan Yaya yana karatu a Kano. Ya ce a tura masa hoton ta WhatsApp, ya kai wa wani likitan ido a can. Amsar da ta dawo ta hana mu barci: sababbin jijiyoyi sun riga sun tsiro a idon hagu, a yi aikin leza ba tare da jinkiri ba. Har ya zagaye wurin da jan layi.

Yaya ya dube ni ya ce, "To, malam, kai da ka yi boko, wanne ne cikinsu bai iya aikinsa ba?" Tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan, kuma raina a ɓace. Mutumin nan da idonsa yake ci da ƴaƴa bakwai.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali aikina ne. Shekara da shekaru ina zaman gyaran takardun BEPC, kuma duk malamin da ya taɓa wannan zama ya san abin da ba mu cika faɗa wa iyaye ba. Takarda ɗaya, barem ɗaya, ni in ba ta 9, abokin aikina ya ba ta 12. Ba mu taɓa saɓani a kan yaron da ya bar takarda fara ba, ko wanda ya yi zarra. A bakin 10 ake rigima, daidai inda maki guda ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Tun 1936 masana biyu a Faransa, Laugier da Weinberg, suka bi takardun jarabawar bak suka lissafa cewa kafin a sami makin da za a dogara da shi a takardar falsafa sai an haɗa na masu gyara 127. Lissafi ma, da muke cewa ba ya ƙarya, sai 13.

Ashe likitocin ido ma suna da baremsu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya tun 2003 ya kasa ɓarnar sukari a ido mataki biyar, daga babu komai har zuwa tsirowar sababbin jijiyoyi. Ƙa'idojinsa a rubuce suke: a raba bayan ido gida huɗu, a ƙirga ɗigon jini a kowane gida, a duba ko manyan jijiyoyi sun yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Amma takarda ba ta duba hoto, mutum ne ke dubawa. Akwai wasu murɗaɗɗun jijiyoyi da ke kwance a cikin tantanin, alamar mataki na huɗu, waɗanda a hoto suke kama ƙwarai da sababbin jijiyoyin da ke tasowa a samansa, alamar mataki na biyar. Nan ne bakin 10 ɗinsu, kuma nan idon yayana ya tsaya.

Su kansu ba su ɓoye wannan ba, sun auna shi. A 2007 wani likita a Amurka, Michael Chiang, da abokan aikinsa suka nuna wa ƙwararru 22 hotuna 34 na bayan idon jarirai bakwaini, waɗanda su ma jijiyoyin idonsu kan lalace. Aka ce kowa ya faɗi ko jijiyoyin suna lafiya, ko sun fara ɓaci, ko sun kai matakin haɗari. A hotuna 4 kaɗai bakinsu ya zo ɗaya dukansu. Haka kuma da kamfanin Google ya so koya wa kwamfuta gane ɓarnar sukari a ido, a binciken da ya fitar a 2016, bai dogara da likita guda ba. Ya tara hotuna fiye da 128,000, ya sa likitoci 54 suka duba, kowane hoto sau 3 zuwa 7. A Ingila kuwa, inda ake kiran masu sukari a kai a kai don ɗaukar hoton ido, duk hoton da mai dubawa na farko ya ga ciwo a ciki sai na biyu ya sake dubawa, in sun saɓa a kai wa na uku ya raba gardama. Mu a nan sau da yawa likita ɗaya ne, da layin mutane har ƙofa.

Da na gane haka sai na daina neman wanda zan zarga, na koma tunanin abin da kowannensu ya gani. Na Yamai ya ga idon da kansa. Na Kano ya ga hoton da WhatsApp ya matse, a fuskar waya, kuma a idon da yana ta fara rufewa. Amma wannan bai isa a ce ya yi kuskure ba.

Shawara ta yi yawa a gida. Wani ya ce a nemi likita na uku, wanda a gaskiya nufinsa a nemi mai faɗin abin da muke son ji. Wata gwaggonmu ta ce tunda masu bokon ma sun kasa daidaitawa, a koma wa tozalin da aka haɗa da magani. Wannan ce ta fi ba ni tsoro, don na ga iyaye da yawa suna yin haka da makaranta: malamai biyu su saɓa a kan yaro, sai uba ya yanke cewa karatun duka wasa ne.

Bayan sati biyu muka sake biyan kuɗin mota muka koma Yamai. Ina jin nauyin nuna wa likitan jan layin wani, amma na daure na ce, "Likita, ka yi haƙuri, ga abin da aka ce mana." Bai ji haushi ba. Ya ce shi ma a daidai wurin nan ya daɗe yana kallo, shi ya sa ya ce wata uku bai ce shekara ba. Ya tura mu gwajin da ake yi wa mutum allurar wani rini a hannu, a bi shi da hoto yayin da yake zagaya jijiyoyin ido. Sababbin jijiyoyi suna yoyon rinin sosai, na kwancen kuwa ba su cika yi ba. Wurin ya yi yoyo. Kaɗan ne, amma ya yi.

Aka yi wa Yaya leza a zama biyu. Tun kafin a fara likitan ya gaya masa cewa aikin nan ba ya ƙara gani, tsare wanda ya rage yake yi, kuma ganinsa na dare da na gefe na iya raguwa. Kafin mu tafi na roƙi a ba mu hotunan na asali a kile, aka rubuta kwanan wata da matakin da ciwon yake a katinsa, don duk wanda zai duba shi nan gaba ya sami abin da zai kwatanta da shi.

Maganar allura da zare kuwa, da aka auna shi sai aka rubuta masa tabarau na ganin kusa, irin wanda kusan kowa ke buƙata in ya haura arba'in. Ya saka, ya zura zarensa a gabana, ya ce, "Ban ce maka tsufa ba ne?" Ranar komawarmu tana rubuce da alli a bangon shago, saman keken ɗinkin.