Fulogin da Ba a Ji Rashinsa Ba

Da asuba muka bar Lambara za mu kai Inna asibiti a Sakkwato, sai tsohuwar Fijo 504 ta Baba ta kama tari da kakkarwa. Kafin Boɗinga ya tsaya, ya bar injin yana aiki, ya naɗe hannu da tsumma yana zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ya zare ta farko da ta biyu, injin ya ƙara raunana. Da ya zare ta uku, sautin bai sauya ba.

"Ga shi nan, ɗana. Wanda aka cire ba a ji rashinsa ba, ya daɗe da barin aiki."

Ya kankare baƙin da ya toshe fulogin, muka ci gaba. Shekara shida rabona da gida. Har Sakkwato ban ɗaga kai ba.