Lanƙwasar Ƙ da Bakin Wuƙa

Mu masu yankan sitika a tsakanin Gaya da Ajingi, rubutun mutane ne abincinmu. Sunan makaranta a bayan rigar ƙwallo, addu'a a gilashin A Daidaita Sahu, allon shagon mai magani, duk ta ƙarƙashin wata 'yar wuƙa suke bi, wadda tsininta bai kai ƙwayar gero ba. Ranar da ta ƙi ci, ledar da muka sayo daga Kano da tsada ce take tafiya bola, mai kaya kuma yana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da ya fi tona asirin inji mara lafiya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ da ɓ. Lanƙwasar ƙarama ce, ita ce ta fara tsinkewa idan yanka bai yi kyau ba. Da ta tafi, ƙasa ta koma kasa, ƙarya ta koma karya. Shi ya sa kafin kowane babban aiki muke yanka waɗannan ukun a gefen leda mu ɓare. In sun fita lafiya, sauran ma za su fita.

In ba su fita ba, daga wuƙa muke farawa. Sabon shiga yakan zaro ta da yawa, yana ganin hakan zai sa ta ci sosai. Ledar sitika kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba a kauri. Tsinin da ake bukata kamar rabin kaurin katin ATM ne. Alamar daidai ita ce wuƙa ta ratsa leda, ta bar ɗan zane a takardar baya, ba ta huda ta ba. Wuƙa mai digiri 45 ta aikin yau da kullum ce, mai digiri 60 kuma ta leda mai kauri da ƙananan haruffa. Sai mun gyara wannan muke taɓa nauyin dannawa, kaɗan-kaɗan, mu kuma rage gudu idan rubutun ƙanana ne.

Daga nan sai kusurwa. Tsinin wuƙar ba a tsakiyar sandarta yake ba, yana bin ta a baya ne, don haka dole a gaya wa inji tazarar. Ga wuƙa mai digiri 45 irin ta Roland, yawanci milimita 0.25 ce. Kusurwa ta fito a dunƙule, lambar ta yi kaɗan. Ta fito da ƙaho, ta yi yawa.

Idan layi ya fito a tsittsinke kamar ɗinkin hannu, wurare biyu muke dubawa. Ko dai siririn robar da ke ƙarƙashin wuƙa ta yi rami, ko gidan wuƙar ya cika da ɓarɓashin leda har ta daina juyawa. Hunturu yana ƙara tsananta wannan, domin ƙura ba ta barin kowace kafa. Bushewar iska kuma tana tara wani irin lantarki a jikin leda, wanda kan sa ƙananan injina su rikice a tsakiyar aiki, su ja layi ta kan rubutu. Maganinsa waya ce daga ƙarfen inji zuwa ƙasa. Wutar janareta mai hawa da sauka ma tana yin irin ɓarnar, shi ya sa ba ma kunna inji sai da sitabilaiza.

Dokarmu ɗaya ce: abu guda ake canzawa, a gwada, sannan a wuce na gaba. Wanda ya murɗa komai a lokaci guda, ko aikin ya gyaru, gobe bai san inda zai taɓa ba.

Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka je Dala neman tama. Mutanen da suka san ƙarfe da kaifinsa ke nan. Namu ƙarfen daga waje ake kawo shi, ba ma iya wasa shi, in ya dakushe sai dai a sa sabo. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ido da haƙuri, mu duba ɓarnar mu gane daga ina ta fito, kafin mu shimfiɗa wata ledar.