Ɗan Gida da Takardar Baƙo a Filin Jirgin Saman Kano

Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano tsohuwar ƙofa ce ta Nijeriya. Tun cikin 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma shekaru da yawa ta nan alhazai da fatake suke fita suna komowa. Wanda ya tsaya a zauren masu tashi zai ga dogon layi gaban teburin ma'aikatan shige da fice, inda ake duba fasfo a buga hatimi. A wannan teburi ne wani lokaci tafiyar ɗan gida takan tsaya cik.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum an haife shi a London ko Hartum, ubansa Bakano, yana riƙe da fasfon ƙasar da ya tashi. Ya karɓi biza ya zo ganin dangi, biki ya bi biki, kwanakin biza suka ƙare bai lura ba. Ranar komawa sai ma'aikaci ya ga baƙon da ya wuce wa'adi, domin abin da takarda ta nuna ke nan. A cikin 2025 kuwa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba da sanarwar tarar dala 15 a kan kowace ranar da baƙo ya ƙara.

To, amma doka tana tare da shi. Tsarin mulkin 1979 bai yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba, na 1999 kuwa ya yarda ga wanda yake ɗan Nijeriya ta haihuwa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Sashe na 41 ya hana a kori ɗan ƙasa, ko a hana shi shiga da fita. Dattawa ba su manta da Shugaba Abdurrahman Darman ba, wanda aka kai Chadi cikin 1980 da cewa baƙo ne, kotu a Maiduguri ta tabbatar ɗan ƙasa ne.

Sai dai hakki yana bukatar shaida, kuma bakin jirgi ba wurin kafa hujja ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga bizarsa ta ƙare, ya nufi ofishin shige da fice na jiharsa tun da sauran makonni, ɗauke da takardar haihuwa, da fasfon iyaye, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ba a ba da fasfo sai da ita. Ya nemi fasfon Nijeriya, ya kuma roƙi a daidaita bayanin shigowarsa a rubuce. In an ce akwai abin biya, ya biya ta asusun gwamnati ya karɓi rasit, kada ya miƙa wa ɗan tsakani ko kwabo.

Nan gaba kuwa, ya shiga Nijeriya da koren fasfo, ya fita da shi, ya ajiye ɗayan don ƙofar waccan ƙasa. Mai yin haka zai zauna a Kano iyakar son ransa, ba mai ƙirga masa kwana.